An Ɗaga Motar, Wa Ya Auna Ƙafarta?

Duk mai son sanin yadda ake kula da motoci a gari, ya leƙa bayan rumfar mai faci inda ake jibge tayoyin da aka cire. A Kano ne, ko Kaduna, ko Maraɗi, zai yi ta cin karo da taya iri guda: zanenta na tsakiya da na gefen waje suna nan da sauransu, amma gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo. Irin wannan taya kashe ta aka yi tun kwananta bai ƙare ba. Ramin hanya yana da nasa alhakin, babu musu. Sai dai sau da yawa akwai hannun mai motar a ciki, shi da makanikin da ya ɗaga masa ita, ko ya kwantar masa da ita, ko ya ɗora mata nauyin da ba a ƙera ta da shi ba, aka sallami juna ba wanda ya auna yadda tayoyin suka koma tsayuwa.

Sauya tsayin mota ya zama ruwan dare. Mai Hilux ko Prado yana son tasa ta yi tsayi, ta ɗauki manyan tayoyi. Samarin da ke wasan mota suna son tasu ta kwanta har ta kusa shafar kwalta. Direban haya yana ƙara fallen sifirin a baya don kada kaya su danne motar. Mai Camry da aka sauke daga Amurka, wanda ya gaji da jin salansa tana gogar tudun rage gudu a kowace unguwa, ya je an cusa masa sifesa a saman shokozoba. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma wasu hujjojin masu ƙarfi ne. Yanzu kuma ga wani kaya ya fara shigowa hannun masu odar kayan mota daga Dubai da Sin: hannun ƙafar mota mai murɗi, wanda ake iya ƙara masa tsawo ko a rage. Yakan zo da jan fenti ko shuɗi, yana ƙyalli, shi ya sa da yawa ke sayensa a matsayin ado. Alhali kayan awo ne, kuma a hannun wanda ba ya awo ya fi hannun kamfani haɗari.

Sai an san aikin hannun kafin a gane dalili. Taya ba a jikin mota take kai tsaye ba. Wasu ƙarafa ne ke riƙe da ita, waɗanda suke barinta ta hau ta sauka a kan gargada ba tare da ta kauce daga mazauninta ba. Na ƙasa shi ne makanikai ke kira lowa-am. Gefensa na ciki yana manne da shasi ta hanyar bushin na roba, na waje kuma yana haɗe da mazaunin taya ta bol-joyin. Motoci irin su Hilux, Prado da Honda Accord ta kafin 2013 suna da hannu biyu a kowane ɓangaren gaba, na sama gajere, na ƙasa dogo. Corolla da Camry kuwa na ƙasa kaɗai gare su, shokozoba ce ke yin aikin na sama, bisa tsarin da wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, ya fito da shi a shekarun 1940, aka kuma gan shi a Ford Consul ta Ingila a 1950. Wannan bambanci yana da amfani ga aljihu: wanda ya ce wa mai Corolla motarsa na buƙatar hannun sama mai murɗi a gaba, yana sayar masa da abin da motar ba ta da gurbinsa.

Tsawon waɗannan hannaye da kusurwar da suke zaune a kai su ne ke yanke yadda taya za ta tsaya, kuma abubuwa uku ake aunawa. Akwai kamba, wato jinginar taya ciki ko waje idan aka kalli motar ta gaba. Motar da saman tayoyinta ya faɗa ciki tana tsayuwa kamar mai gwame. A motar gida jinginar ba ta cika wuce digiri ɗaya da rabi ba. Akwai kasta, wadda ba a ganinta da ido: karkatar layin da taya ke juyawa a kansa idan an murɗa sitiyari. Ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya da kansa bayan an sha kwana, ita ce kuma ke sa mota ta riƙe hanya a kan gudu. Na ukun shi ne inda hancin tayoyin ke kallo, ko sun ɗan fuskanci juna ko sun ɗan bauɗe, abin da ake saitawa ta tayarod.

Na ukun nan shi ne mafi ƙanƙanta a ido, shi ne kuma ya fi cin taya. Lissafin ba shi da wuya. Idan taya ta bauɗe da rubu'in digiri kacal, bambancin gabanta da bayanta bai kai milimita 3 ba, ba wanda zai lura yana tsaye. Amma a kowace kilomita ana jan ta a karkace kimanin mita 4 da ɗoriya. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230, an goga tayar a kaikaice tsawon kilomita guda cur a kan kwalta mai zafi. Direban da ke zuwa ya dawo kullum ba ya buƙatar wata da yawa kafin ya koma wurin mai taya yana zargin an sayar masa da jabu.

To, me ke faruwa idan an ɗaga mota? Injiniyoyin kamfani sun tsara komai ne a kan tsayi guda, inda hannun ƙasa yake kusan kwance. Da zarar an ɗaga bodi, hannayen sun sunkuya ƙasa, kuma tun da na sama ya fi gajarta, ba daidai suke sunkuyawa ba. Kamba ta motsa, kasta ta ragu, hancin taya ya sauya. Toyota ta sa wa Hilux notuna masu ƙusumbi a gindin hannun ƙasa don a riƙa gyara ɗan kuskure, amma iyakarsu kaɗan ce. Ɗagawar da ba ta wuce inci 2 ba, wato milimita 50, galibi waɗannan notuna suna iya dawo da ita kusa da daidai. Daga nan zuwa sama sai a murɗa su har ƙarshe a rasa yadda za a yi: in an samu kamba a rasa kasta, in an samu kasta taya ta jingina waje. Bayan haka hannun sama yakan fara dukan sifirin idan taya ta faɗa rami, bol-joyin yana aiki a ƙurewar juyinsa, robar shaf tana yagewa saboda kusurwa ta yi tsauri. Mai motar ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Abin da yake ji shi ne motar ta yi sakwat, tana yawo a kan titi, sai ya riƙa kamo ta da sitiyari kamar ana iska.

Ba wai tsayi ba shi da amfani a hanyoyinmu ba. Dattawan da har yau suke yabon Fijo 504 ba son tsohon abu ne kawai ke damunsu ba. Motar ta fito a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, kuma a 1975 ɗin ne Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita. Ƙafarta na da dogon zango na hawa da sauka, cikinta nesa da ƙasa. Amma tsayin nata daga teburin zane ya fito, an lissafa kowane hannu da kowace kusurwa a kansa. Motar da aka ƙera don titunan Amurka aka zo aka cusa mata sifesa a gareji ta samu tsayin, ba ta samu lissafin ba.

Wannan giɓi ne hannu mai murɗi ya zo ya cike, kuma a inda aka ƙirƙiro shi da wannan niyya ake sayar da shi. A Amurka da Ostireliya, inda ɗaga motocin daji ya zama babbar sana'a, kamfanoni irin su SPC, Old Man Emu da SuperPro suna ƙera hannun sama na musamman don motar da aka ɗaga. Wani an riga an gina ƙarin kasta a jikinsa, an lanƙwasa shi yadda ba zai taɓa sifirin ba. Wani kuma bol-joyin ɗinsa ne ke zamewa gaba ko baya, ciki ko waje, a ɗaure shi inda awo ya nuna. Ga motocin da aka kwantar, matsalar ta fi yawa a baya: tayoyin suna jingina ciki, kuma motoci da dama, har da Accord da Civic na wasu shekaru, kamfani bai bar wurin gyara kambar baya ba kwata-kwata. Nan hannu mai murɗi shi ne kaɗai mafita ta gaskiya. Yana da haƙora masu juyin dama a gefe guda, masu juyin hagu a ɗaya gefen, ana murɗa tsakiyarsa ya tsawaita ko ya gajarce, sai a kulle da noti biyu.

Motocin da ke da gatari guda a gaba, irin su Land Cruiser 70 da 80 da suka cika hanyoyin Agadez da Chadi da Sudan, da Jeep Wrangler, nasu labarin daban ne. Idan an ɗaga su, gatarin gaba ɗaya ne ke mirginawa, kasta ta zube. Mota mai irin wannan gatari, in kasta ta yi kaɗan kuma akwai sako-sako a bushin ko tayarod, tana iya shiga wata muguwar karkarwa bayan ta taka rami a kan gudu: sitiyari ya riƙa kaɗawa hagu da dama da ƙarfi, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Abin ya shahara a Amurka har a motocin da ba a taɓa ba, ta yadda a 2019 kamfanin Jeep ya sanar da sauya wa masu sabuwar Wrangler shokozoban sitiyari. Idan motar da ta fito daga masana'anta tana iya yin haka, ina ga wadda aka ƙara wa inci huɗu ba a maido mata da kasta ba? Maganin sananne ne, ana sayar da bushin gyaran kasta na digiri 2 ko 3, ko a sa dogayen hannaye masu murɗi. Amma sai an auna kafin a san nawa aka rasa.

Kada kuma a manta cewa awo, komai kyansa, ba ya sauko da nauyin da aka ɗaga sama. Wata mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, tana da gwajin kauce wa abu a kan hanya cikin gaggawa, wanda ya kifar da Mercedes A-Class a 1997. A gwajin nan Hilux ta ɗaga tayoyi biyu sama a 2007, ta sake yin haka a 2016, a tsayinta na kamfani. Duk wanda ya ƙara mata tsayi, ya kuma ɗora kaya a rufi, ya san da wace mota zai kauce wa akuya ko ɗan acaɓa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hannun kamfani ƙarfe ne guda, ba shi da abin kwancewa. Hannu mai murɗi kuwa duk wurin da aka ba shi na gyara wuri ne da zai iya sakin jiki. Notin kulle da ba a ɗaure da ƙarfin da ya dace ba zai saki a kan gargada. Wanda ya murɗo hannun waje da yawa don neman ƙarin tsawo, ya bar haƙora kaɗan a ciki, ya jingina rayuwar mutanen cikin motar a kan 'yan zagaye huɗu ko biyar na ƙarfe. Ƙa'idar da masu ƙera irin waɗannan kaya ke bi ita ce abin da ya rage a ciki kada ya gaza kaurin sandar sau ɗaya da rabi. Sannan da yawa daga hannayen da ake talla an yi su ne don filin tsere, mahaɗinsu ƙwallon ƙarfe ne tsirara, babu roba babu murfi. A filin tsere ana kwance su a duba bayan kowace gasa. A hanyar Gusau cikin ƙurar hunturu, ƙasa na shiga ta niƙe su, cikin ɗan lokaci a fara jin ƙwas-ƙwas. Motar da za ta yi zirga-zirgar yau da kullum, mahaɗi mai rufaffiyar roba ya fi mata, ko da bai kai wancan ban sha'awa a hoto ba.

Ga kuma jabu. Fenti ja ba shi da tsada, kuma ba a gane ingancin ƙarfe ko na walda da kallo. Mafi muni shi ne abin da ake yi a wasu garejin idan kaya ya gagara: a yanke hannun kamfani, a ƙara masa guntun ƙarfe, a kai wa mai walda ya haɗe, ko a gasa shi da wuta a lanƙwasa har sai taya ta miƙe a ido. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙarfen da aka gasa ya sauya hali, kuma ba ya sanarwa ranar da zai karye.

Masu bin titunan Nijeriya sun san yadda karyewar ƙafar gaba take, domin kusan kowa ya taɓa ganin Honda Accord a gefen hanya, taya guda ta kwanta waje, hancin motar a ƙasa. Dalilin yana cikin tsarin: a waɗancan Accord ɗin nauyin mota yana jan bol-joyin na ƙasa ne kamar zai zare shi daga kwaskonsa, don haka idan ya cinye ba ya tsayawa yana ƙara kawai, ficewa yake yi. Na ainihi da ake dubawa a sauya a kan lokaci yana yin shekaru lafiya. Na bogi da aka saya don araha, robarsa ta yage, ruwa da yashi suka shiga, shi ne ke kwantar da mota a tsakiyar kasuwa. Wanda ya ɗaga irin wannan mota ko ya kwantar da ita ya ƙara wa wannan mahaɗi wahala a kan wadda yake sha.

Akwai kuma masu sauya mota ba su san sun sauya ta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya take ta ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Tukunyar ƙarfe da ake ɗaurawa a but takan kai kilo 60 ko fiye, kuma ba a sauke ta, tana nan dare da rana a kan ƙafar baya. A tsohuwar motar da sifirin ɗinta ya riga ya gaji, baya zai zauna, tayoyin su jingina ciki, fitilun gaba su koma haska idon mai tahowa. Ana duba bututu da bawul, kuma ya kamata a duba, amma ba kasafai ake tura mai motar wurin awon ƙafa ba bayan an gama. Motocin manya masu sulke nasu ya fi haka, domin ƙarfe da gilashin da ake ƙara musu ɗaruruwan kilo ne, wani lokaci fiye da tan guda. Kamfanin kirki yana sauya sifirin da shokozoba da burki tare. Motar haya da ke ɗaukar buhuna har bamba na jan ƙasa ita ma ƙafarta ba a inda kamfani ya ajiye ta take aiki ba.

Sai a ce, ai shagunan alaimen, wato awon ƙafa, na kwamfuta sun cika gari. Sun cika, kuma na'urorin da yawa nagari ne, irin na Hunter da John Bean da ake amfani da su a ko'ina a duniya. Matsalar tana ga yadda ake aiki da su. Abin da aka saba shi ne a hau da mota, a maƙala madubai a tayoyi, yaron shago ya murɗa tayarod har lambobi biyu su koma kore, a ce, “Alhaji, an gama.” Minti goma sha biyar. Kamba da kasta suna nan ja a kan allo, ba wanda ya tanka, ko don notunan sun yi tsatsa, ko don ba a san yadda ake taɓa su ba. Ba a girgiza taya an ji ko bol-joyin na wasa ba, ba a duba bushin ba, ba a ma daidaita iskar tayoyi ba. Awon da aka yi a kan ƙafa mai sako-sako kuwa yana rushewa tun kafin a fita daga layin.

Ko da an yi komai daidai, akwai abin da kwamfuta ba ta sani ba. Lambobin da ke cikinta na motar da ta fito daga kamfani ne, da tsayinta da tayoyinta na asali. Ba ta san an ɗaga wannan da inci uku an sa mata taya mai faɗi ba. Motar da aka ɗaga takan so kasta fiye da ta littafi don ta riƙe hanya, amma in aka zarce, babbar taya ta fara gogar bodi a kwana. Nemo tsakiyar nan aikin mutum ne mai fahimta, wanda zai auna, ya fita da motar ya ji ta, ya dawo ya ƙara. Irinsa zai san cewa notunan bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a kan jek, sai ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar tana murɗe tun daga ranar farko. Zai kuma san cewa motocin da ke da na'urar hana santsi, wadda ta zama dole a Amurka tun daga ƙirar 2012, suna da ma'aunin juyin sitiyari da a motoci da yawa sai an sake saita shi bayan alaimen, don kada motar ta ɗauka ana shan kwana alhali ana tafiya miƙe.

Tsohon makanikin da ke awo da zare ba abin raini ba ne, a nan ya cancanci a kare shi. Ƙungiyoyin tseren mota har yau suna saita hancin taya da zare da ma'auni, kuma suna samun daidai har zuwa milimita. Sharaɗin shi ne daɓe mai shimfiɗa ɗaya da mutum mai haƙuri. Abin da zare ba ya iya bayarwa shi ne kasta, wadda sai an juya taya digiri 20 kowane ɓangare a kan faranti ana karanta ma'auni. Mai zare da ya san iyakarsa ya fi mai kwamfutar da kore kawai yake nema.

Me hukuma za ta yi? Hanya mafi sauƙi ita ce a hana, kuma ita ce mafi rashin amfani. Jihar Kalifoniya ta gwada. A 1958 ta kafa dokar hana kwantar da mota ƙasa da gindin wili, tana nufin samarin 'yan asalin Meziko na Los Angeles da ke yawo da motoci masu jan ciki. Shekara guda bayan haka wani mai suna Ron Aguirre ya sa wa motarsa famfon haidirolik, ya ɗaga ta idan ya hango 'yan sanda, ya sauke idan sun wuce. Dokar ta haifar da sabuwar sana'a maimakon ta kashe tsohuwa, har Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke ta a 2023. Ƙasashen da suka ci nasara lamba suka sa, suka kuma nemi takarda. A Jamus kayan ƙafar da aka sauya sai yana da shaidar gwaji, da yawa kuma sai masu bincike irin su TÜV ko Dekra sun duba an rubuta a takardun motar, in ba haka ba izinin hawanta titi na iya faɗuwa. A Ostireliya ɗagawar da ta wuce milimita 50 zuwa 75, gwargwadon jiha, sai injiniya ya sa hannu. A Japan, duk da samarinta sun shahara da kwantar da taya har ta koma tafiya a kan gefenta, cikin mota bai halatta ya gaza santimita 9 daga ƙasa ba. Jihar North Carolina ma da ta tashi hana yayin ɗaga gaban akori-kura a bar bayanta a ƙasa, a Disambar 2021, cewa ta yi gaba kada ya fi baya da inci 4, abin da kowane jami'i zai iya aunawa da tef.

A Nijeriya mutum fiye da 5,000 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara bisa alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma fashewar taya da ƙwacewar mota suna cikin dalilan da take yawan lissafawa. Hukumar ta daɗe tana wa'azi a kan shekarun taya da lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wa'azin yana da kyau, amma taya 'yar wata shida da gefenta na ciki ya kai waya ta fi 'yar shekara biyar mai lafiya kusa da fashewa, kuma jami'in da ke tsaye a gefen titi gefen waje yake gani. Legas da Abuja sun kafa cibiyoyin gwajin mota da na'ura. A wurare da yawa kuwa takardar lafiyar mota ana karɓarta ne tare da sauran takardu, motar tana gida a fake. Ba a buƙatar sabuwar doka mai tsauri. Ya isa a ce duk motar da aka sauya wa tsayi, ko aka ɗora wa tukunyar gas, ko aka yi wa sulke, ta zo da takardar awo mai nuna kusurwoyi ukun na kowace taya kafin a sabunta mata takardu. Ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, waɗanda dama suna shirya horo, su ne suka fi dacewa su koyar da masu shagunan alaimen abin da ke bayan jan lamba da koriya.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne hannaye na kirki ɗaruruwan daloli ne, ba kowa zai iya ba. Amma yawancin masu mota ba su ne buƙatarsu ba. Mai Camry da ya ƙara inci guda, notin kamba da awo mai kyau sun ishe shi. Mai Hilux da ya tsaya a inci 2, sau da yawa notunan kamfani za su ɗauke shi. Wanda kuma ya nace sai inci uku ko huɗu, ya riga ya kashe kuɗin shokozoba da manyan tayoyi huɗu, bai kamata a ji yana kukan kuɗin hannu ba. Shi kansa awon bai kai kuɗin taya guda ba.

Abin da mai mota zai nema a shago ba shi da yawa. A buga masa takarda mai nuna lambobin kafin gyara da na bayan gyara, gaba da baya, ya ga hagu da dama sun yi kusa da juna. A ja layin fenti a kan kowane notin kulle, ta yadda in ya motsa za a gani da leƙawa ɗaya, a kuma koma a sake dubawa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, lokacin da sabon sifirin ya gama zama. Takardar nan a ajiye ta tare da takardun mota, a rubuta a bayanta nawa aka ɗaga da irin hannun da aka sa. Motoci a nan suna sauya hannu sau uku, sau huɗu, kuma mai saye na gaba ba ya sanin abin da ke ƙarƙashinta. Ranar da bol-joyin ɗin hannun ya mutu, zai aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka da sunan motar da shekararta, a kawo masa na kamfani, ya ƙi shiga. Makaniki zai ba shi shawarar a cire hannun a mayar da na asali a ɓangaren da ya lalace kawai, motar ta fita gareji da kasta iri biyu, hagu daban dama daban.